Da Sauƙi

Mahaifina ya yi jinyar ajalinsa yana ba mutane dariya, kuma har yau ban huce da waɗanda suka yi dariyar ba. Shi kansa ina yi masa addu'a bayan kowace salla, kamar yadda ya wajaba a kan ɗa, amma ba zan rubuta cewa na gamsu da yadda ya tafiyar da jinyarsa ba, domin ban gamsu ba.

Makanikin injin jirgin ruwa ne a Yelwa. Rumfarsa tana bakin ruwa, kusa da inda jirage ke sauke buhunan albasa da kwandunan busasshen kifi ranar kasuwa. Duk wanda injinsa ya ƙi tashi, tun daga Shanga har Wara, wurinsa yake kawowa, wasu kuma ba gyara ke kawo su ba, hira ce. Mutum ne da ba ya iya ɗaura farfela bai tsokani mai jirgin ba. Ni ban gaji wannan hali ba. Tun ina firamare ya laƙaba mini Rediyo, wai idan aka aike ni na dawo, nakan ba da bayani kamar mai karanta labarun duniya. Da na shiga jami'a na zaɓi karatun Hausa, sai ya ce to, an sa wa rediyon sabon batir.

Na gama bautar ƙasa na dawo gida damina ta yi nisa. Na tarar ya rame, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, cikinsa kuma ya fara tasowa. An daɗe ana ba shi jiƙe-jiƙen shawara kafin in zo. Na matsa aka kai shi asibiti, daga nan aka tura mu Sakkwato. A can likita ya kira ni gefe ya yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye: hanta ta riga ta lalace, ruwan da ke taruwa a cikinsa ana iya zuƙewa ya ji dama, amma zai sake taruwa, abin da ya rage shi ne a mai da shi gida a kula da shi. Na tambaya ko za a gaya wa marar lafiyar. Ya ce ya riga ya gaya masa, domin shi da kansa ya nemi sani. Saboda haka kada wani ya ce mini mahaifina bai san halin da yake ciki ba. Ya sani sarai, ya ma riga ni sani.

A hanyar dawowa ya dafa cikinsa ya ce wa direba, "Bi ramukkan nan a hankali, malam, mai juna biyu ka ɗauko." Motar gaba ɗaya ta kwashe da dariya. Wata tsohuwa har ta yi masa fatan sauka lafiya.

Ina da yaya mace, ita ce babba a ɗakinmu. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mata, don haka Uwata yake kiranta. Duk cikinmu babu wanda ya shaƙu da shi kamarta. Tana yarinya ita ke kai masa abinci rumfa, ta zauna tana miƙa masa sifana har la'asar. Tana aure a wani ƙauye a hayin ruwa, sai an sauka Wara sannan a shiga jirgi. A lokacin tana da tsohon ciki, bayan ta sha fama da ɓari. Ranar da muka dawo daga Sakkwato, tun bai cire takalmi ba, Baba ya tara ni da Inna ya ce duk wanda ya tada wa Uwata hankali, shi da shi. Yana murmushi ya faɗa, amma doka ce.

Ra'ayina bai canja ba tun daga wannan rana: Yaya tana da haƙƙin ta san mahaifinta yana barin duniya, ta zo ta gan shi ko ta zauna, zaɓi nata ne. An hana ta wannan zaɓi, kuma da kalma biyu aka hana ta.

Kowane Bahaushe ya san amsar "yaya jiki". Da sauƙi. Wanda ƙaya ta soka da sauƙi yake cewa, wanda ake ɗiga wa ruwa a baki da cokali shi ma, in dai harshensa na motsi, da sauƙi zai ce. Na yi shekaru ina koyon yadda harshen nan ke bambanta abin da ya faru da abin da ke faruwa da abin da ake fata, amma a bakin shimfiɗar marar lafiya duk wannan ƙwarewa takan taru ta zama amsa guda da ba ta gaya wa kowa kome. Mai hankali ba ya dogara da ita. Yakan saurari muryar da ta faɗe ta, ya dubi fuskar masu jinya. To, Yaya ba ta da fuskar da za ta duba, waya kawai gare ta, murya kuwa Baba ya iya sarrafa tasa fiye da yadda ya iya sarrafa injin.

Masu dubiya suka yi ta zuwa. Zaurenmu ya koma kamar rumfarsa ta bakin ruwa. Masu jirage, masunta, dillalan albasa, har wani limamin coci da Baba ya daɗe yana gyara wa injin jirgin da suke zuwa wa'azi da shi. Kowa ya shigo da fuskar jaje, ya fita yana share hawayen dariya. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wani taubashinsa daga Shanga, dogon mutum mai ƙaton rawani, wanda tun daga bakin ƙofa ya fara.

"Kai! Wa ya yi maka wanga aiki?"

"Matata ta gaji," in ji Baba, "nic ce ta huta in karɓe ta."

"To ina ragon suna? Ko shi ma sai mun yi maka karo-karo, matsiyaci?"

"Rago ai ga shi ya kawo kainai daga Shanga. Matsalar guda, naman tsoho sai an kwan ana dahuwa."

"Allah shi tsine wa bakinka. Yaya jikin dai?"

"Da sauƙi. Ganin muninka ma ya ƙara mini lahiya."

Taubashin ya fito yana gaya wa mutanen waje cewa ai wannan ba inda za shi, mai irin wannan baki mutuwa ma tsoronsa take ji. Haka labarin ya bi jirage ya bazu, har ya ƙetara ruwa.

Babu ɗaya daga cikinsu da ya tsaya ya ga abin da ke biyo bayan fitarsa. Ni na gani. Da zarar sautin takalmin baƙo ya ɓace, sai fuskar ta zube. Yakan kifa goshi a kan matashi ya daɗe bai ɗago ba. Ƙaiƙayi ya sa ya sosa ƙafafunsa har suka yi jini. Kunun da Inna ta dama da safe yakan dawo da shi kafin hantsi, wani lokaci da abin da ya fi kunu ja. Ni ke riƙe kwano, ni ke canja zanen gado. Ƙarfin da ya kamata ya ajiye don cin abinci, a kan baƙi yake ƙarar da shi, su kuma su karɓa hannu bibbiyu, domin ya sauke musu nauyi. Sun zo da tsoron ganin mai mutuwa, ya sallame su da labarin da za su ba matansu. Ba su taɓa tambayar kansu nawa wannan dariya ta ci masa ba.

A cikin wannan hali na kira wani abokina da muka zauna ɗaki ɗaya a jami'a, wanda ya karanci tarihin addinai, na zazzage masa abin da ke raina. Ya saurara, sannan ya ce mini abin da mahaifina ke yi ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce a cikin Yahudawa akwai masu ɗaukar sakin fuska a lokacin ciwo a matsayin hali mai daraja, kusan ibada, domin mutum yana nuna bai yanke ƙauna daga Ubangijinsa ba, kuma bai ɗora wa mutanensa baƙin cikinsa ba. Ya ce mu ma ai abin da muke nufi ke nan da haƙuri mai kyau. Ban taɓa haɗuwa da Bayahude ba, kuma ba ni da ta cewa a kan abin da wasu mutane suka girmama. Na yarda hali ne mai daraja. Abin da na tambayi abokina shi ne, idan fara'ar ta zama katanga tsakanin mutum da 'yarsa fa? Ya ce wannan kuma sai malamai. Na gode masa na kashe wayar.

Na fara da Baffa, wan mahaifina, domin a al'adarmu ba yaro ne ke kiran matar aure gida ba. Babba ne zai kira mijinta ya ce ana son ganinta, shi ke nan, kowa ya fahimci abin da ake nufi, ba sai an ambaci ciwo ba. Na same shi a ƙofar gidansa yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Na durƙusa na gaishe shi, na maimaita masa bayanin likita, na roƙe shi ya kira mijin Yaya.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Jiya nij je, nit tambaye shi, yac ce da sauƙi."

"Baffa, ai kowa haka yake cewa."

"To kai ka fi shi jin jikinai ne? Mai jiki ya ce da sauƙi, kai kana cewa babu. Likita ne ka rayawa, ko kai? Tashi ka ba ni wuri, kada ka ja wa ƙanena mugun baki."

Na lura idanunsa sun kaɗa, kuma zaren da yake ɗaurawa kuskurewa yake yi. Shi ma ya sani. Ya dai sami inda zai fake, ya fake. Wannan ne ya sa ban tausaya masa ba a ranar, kuma ban tausaya masa ba daga baya.

Inna kuwa cewa ta yi, "Bar shi ya yi abin da ransa ke so, shi ne kwance." Ta ci gaba da tankaɗe.

Sai na tunkari mai dokar. Wata ranar kasuwa ce da hantsi, baƙi ba su fara zuwa ba, ƙarar injinan jirage tana shigowa har ɗaki. Na ce, "Baba, abin da kake gaya wa Yaya ba shi ne abin da ke akwai ba."

"Rediyo an kama tasha," ya ce. "Ci gaba, muna saurare."

"Ba wasa nake yi ba."

"Na sani. Yaushe ka taɓa yi? To gaya mini, in na ɗaure fuska hantar za ta gyaru? Ba ni son a zauna mini awa gidan makoki ina da raina."

"Ban hana ka dariya ba, Baba. Ka yi dariyarka tana zaune a nan."

Ya kasa kunne ga wani injin da ke tari a bakin ruwa. Sannan ya ce, "Ka ji wancan? Irinsu ne ka ƙetarowa daga hayi. Na san su ɗaya bayan ɗaya, ni nig gyara su. Ruwa ya cika, ga iska, ga ta da ciki. Ba ni sa Uwata cikin jirgi don ta zo ta kalli ƙasusuwa."

Hujja ce, ban musa ba. Amma mata masu ciki suna ƙetara wannan ruwa kowace ranar kasuwa, har da masu zuwa awo asibiti. Na faɗa masa haka. Sai ya ce in miƙo masa ruwa, wai jaririn nasa yana jin ƙishi.

Da yamma na fita bayan gida na kira Yaya. Na shirya maganata tun kafin in danna lambar, domin ba na son in firgita ta, ba na kuma son in rage kome. Na gaishe ta, na tambayi mijinta. Sannan na gaya mata sunan ciwon, da abin da likita ya ce, da yadda jikin ya koma tun dawowarmu, da cewa a ganina lokacin da ya rage ba shi da yawa. Ban ɗaga murya ba, ban yi kuka ba. Ta ce in dakata za ta sake kirana, ta kashe.

Kafin in kai ƙofar ɗaki na ji wayar Baba tana ƙara. Na tsaya a bakin labule. Mutumin da tun azahar bai iya ɗaga kansa ba, na ga ya dafa bango ya tashi zaune, ya gyara murya.

"Uwata ta kaina! Wa ya taɓa mini ke? … Wa? Rediyo? Haba, ke ma kin san shi, ko mura anka yi sai ya karanto ta cikin labarun duniya. … Da sauƙi, wallahi, da sauƙi. Ciki dai ne niy yi, kishi nike da ke. Mu zuba mu gani wa ka riga sauka, ni ko ke. … A'a, kada ki soma. Zauna ki haifo mini aboki, in zo suna in ci nama."

Ina jin dariyarta tana fitowa daga wayar, irin dariyar wanda aka sauke wa dutse daga ƙirji. Da suka gama ya ajiye wayar, ya zame ya kwanta, gumi ya jiƙa masa riga. Ya dube ni. Babu murmushi ko kaɗan.

Ba a jima ba Yaya ta sake kirana. Ta ce in ji tsoron Allah, ta ce saura kaɗan in sa ta faɗi a tsakar gida, ta ce karatu bai hana ni zama abin da nake tun ina yaro ba. Na ce mata duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ta ce ai ta ji muryarsa da kunnenta.

Daga wannan rana Baba bai ƙara tsokanata ba. Ya ci gaba da ba masu dubiya dariya, ya ci gaba da zolayar Inna a kan gishirin miya da aka hana shi, amma ni sai "miƙo", "ɗauke", "tada ni". Mutanen gari suna cewa ba su taɓa ganin majinyaci mai sakin fuska irinsa ba. Ni na ga inda sakin fuskar ya tsaya.

Ya rasu wata safiya, bayan ruwa ya fara ja baya. Wani masunci ne na ƙarshe da ya shigo dubiya, kuma har shi sai da aka ce masa ya zo da warin kifi zai sa mai ciki amai. Masuncin bai kai bakin ruwa ba aka bi shi da labari. A lokacin ne Baffa ya ciro wayarsa daga aljihu ya kira mijin Yaya ya ce ana son ganinta a gida. Ina tsaye kusa da shi. Maganar ba ta ɗauke shi numfashi biyu ba.

An yi jana'iza kafin azahar. Yaya ta iso washegari. Ta shiga jirgin da aka ce kada ta shiga, a kan ruwan da aka ce kada ta hau, da cikin da aka ce ana karewa. Ta wuce mazan da ke zaune a zaure ba ta dubi kowa ba, ta shiga ɗakin Inna. Zaman makokin kansa ya zama wani dandali. Kowa ya zauna sai ya ba da labarin abin da marigayi ya ce masa, a yi dariya ƙasa-ƙasa, a ce Allahu akbar, ya tafi da halinsa. Taubashin nan na Shanga ya yi kuka kamar yaro, sannan ya share ido ya maimaita zancen ragon suna. Na tashi na bar wurin.

Da la'asar Yaya ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, sun kumbura.

"Kai ka san zai tafi," ta ce.

"Na gaya miki."

"Ba ka gaya mini ba. Karanta mini ka yi. Hanta kaza, likita kaza. Wa ke kiran mutum gida haka? Da cewa ka yi, Yaya, Inna ta ce ki zo, da ko a kan gora ne na ƙetaro."

"Inna ba ta ce ba."

"To da sai ka ce ta ce!"

Na ce mata a gidan nan kowa ya gaya mata abin da ba haka ba, ni kaɗai na gaya mata abin da yake haka, kuma ba zan karɓi laifin da ba nawa ba. Ta ce in fita. Na fita.

Ta haihu lafiya, namiji, aka mai da sunan Baba. Nan da nan dangi suka ce hikimar marigayi ce ta tsare cikin. Ba wanda ya so ya tuna cewa da wannan cikin ta ji labarin mutuwa, da shi ta hau ruwa. Na je suna. Na bi motar Wara, na shiga jirgi tare da masu kai gishiri da man fetur. Mai jirgin ya gane ni, ya bubbuga injinsa ya ce aikin babana ne, ya fara ba fasinjoji labarin wata tsokana da ya taɓa yi masa. Na juya ina kallon ruwa har muka sauka.

Bayan an watse, mata sun koma wajen tukwane, Yaya ta kira ni ɗakinta. Jaririn yana barci a cinyarta. Ba ta ambaci abin da ya shiga tsakaninmu ba. Ta ce tambaya ɗaya za ta yi mini, kuma ni take yi wa domin ta san ba zan gyara mata amsa ba.

"Duk zaman da ka yi da shi, idan baƙi sun tafi, ya taɓa cewa yana son ganina?"

Na bi kwanakin jinyar nan a raina tun daga Sakkwato har safiyar ƙarshe. Na tuna ya ce kada a gaya mata. Na tuna ya ce kada ta hau ruwa. Na tuna duk barkwancin da ya yi da sunanta. Na nemi wuri guda da ya saki fara'ar nan ya faɗi abin da take tambaya, ban samu ba.

Na ce, "Bai taɓa faɗa ba, Yaya."

Ta gyaɗa kai. Ta gyara wa yaron hula, ta ce in yi sauri kada jirgin yamma ya tashi ya bar ni. Tun daga ranar muna gaisawa, ina tambayar yaron, tana tambayar Inna, amma ba ta sake yi mini maganar Baba ba.